Gefen da Biskit Ba Ta Gani

Goɗiyar da Dorinda, mai gonarmu, ta ceto daga motar mayanka ido ɗaya gare ta, na dama. Biskit muke ce mata. Kofatonta na baya na hagu ya yi tsawo har ya lanƙwashe kamar tsohon takalmi, kuma duk wanda ya zo ta gefen nan shiru, harbi ne rabonsa. Likitan dabbobi ya ce in ba a yanke kofaton zuwa Juma'a ba, sai dai allurar da ba a tashi.

Ni nawa girki ne, Kaka yaran ke ce min. Shekara sha ɗaya ina dafa wa yaran da ake kawo mana bayan makaranta a nan Oklahoma, to na ga iri-iri. Shayleen shekararta sha huɗu. Tun da aka raba ta da uwarta aka kai ta gidan riƙo, da kai da kafaɗa take amsa mutane. Ita kaɗai Biskit ke yarda ta kama mata ragama, amma ta dama.

Ran Juma'a tsoho Orville mai gyaran kofato ya iso da kayan aikinsa. Ya dubi yarinyar, ya dubi goɗiyar.

"Wannan ce za ta riƙe min? Haba Dorinda, haƙarƙari biyu suka rage min masu lafiya."

"To ka lallaɓa su," in ji Dorinda. Ta juya wurin Shayleen. "Mai riƙo gefen mai yanka yake tsayawa, yau hagu ke nan. Kuma a hagu baki ba ya hutawa. In tana jin muryarki ta san ke ce. Kika yi shiru, kin zama kyarkeci."

Shayleen ta zagaya, ta tsaya, baki gum. Biskit ta kwantar da kunnuwa, ta fara rawar jiki. Orville ya ja da baya yana tattara kayansa.

Ina jingine da shinge, na ce, "'Yar nan, ko abin da kika ci da rana ne, gaya mata."



"Wake," in ji Shayleen, murya kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. "Da burodin masara. Gishirin ya yi yawa."

Kunnen Biskit ɗaya ya miƙe.

"Kullum yana yawa. Mamata ba ta sa shi sai an sauke. Ita albasa take fara soyawa..."

Orville ya sunkuya ya ɗaga ƙafar. Yarinyar ta bi ta kan albasa, ta kan tsohuwar motarsu, ta kan wani karensu da ya ci labule. Minti arba'in. Da ya ajiye kofaton ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Na gama. Ina ake kashe rediyon nan?"

Biskit ta taka ƙafar, ta sake takawa.

Ran Litinin na rage gishiri. Shayleen ta ɗanɗana, ta ture kwanon.

"Kaka, yanzu kuma salam."