Gashin Kaza a Gaban Suruki

Tun da wani direba ya sayo murhun gashi na ƙarfe, mai ƙafa huɗu da raga, bai bar matarsa ta huta da labarinsa ba. Ranar da surukinsa zai zo ganin sabon gidan da suka tare a bene na biyu, sai ya ce yau babu mai ɗora tukunya, shi zai gasa kaza da hannunsa.

"A ina?" in ji matar.

"A baranda mana. Ga iska, ga inuwa."

Sai ta yi murmushi. Ta san ubanta. Shekara talatin ya yi a aikin kwana-kwana kafin ya yi ritaya.

Direban ya gama jera gawayi ke nan, yana riƙe da kwalbar kananzir, tsohon ya shigo. Bayan gaisuwa ya leƙa barandar. Ya dubi labulen da iska ke kaɗawa a bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya dubi zannuwan da maƙwabciyarsu ta sama ta shanya, suna reto daidai saitin murhun.

"Malam, kaza za ka gasa mana ko unguwa?"

Kunya ta kama direban har ya rasa inda zai ajiye kwalbar. Tsohon ya karɓe ta, ya miƙa wa 'yarsa, sannan ya kama ƙafa biyu na murhun.

"Kama can. Ƙasa za mu."

Haka suka sauko, direban na gaba yana ta "A hankali, Baba," tsohon na baya yana ba da umarni. A harabar gidan ya auna taku goma daga bango, ya sa mai gadi ya matsar da babur ɗinsa, ya ce a kawo bokitin ruwa da na yashi. Da busassun ƙirare da takarda aka hura wutar. Ya ce mutum ɗaya ya tsaya a kanta, ko a waya aka kira shi kada ya gusa.

"Ni zan tsaya," in ji tsohon, ya naɗe hannun riga.

A nan matsalar ta fito. Da kitse ya ɗiga, wuta ta ɗan yi harshe, sai tsohon ya yayyafa mata ruwa. Ta sake ɗagowa, ya sake. Rabin sa'a ta wuce, hayaƙi ya cika harabar, kazar kuwa fara fat kamar yanzu aka fige ta. Direban yana gani, cikinsa na kuka, amma wa zai gyara wa suruki?

Maƙwabciyar ta sama ce ta leƙo ta ce, "Baba, wannan ai wanka kake yi mata!"

Dariya ta ɓarke har da mai gadi. Tsohon ya dubi kazar, ya dubi hannunsa jiƙe, shi ma ya fashe da dariya.

"To, ni kashewa aka koya mini. Malam, zo ka karɓi aikinka."

Direban ya ƙara gawayi, ya ture garwashin gefe ɗaya yadda kitse ba zai ɗiga a kai ba, ya shiga fifita. Ba a jima ba ƙamshi ya tashi. Maƙwabciyar ta sauko da farantin albasa da tumatir, wani ya kawo kujeru, kazar ta ishi mutum tara da ƙyar.

Da la'asar tsohon ya sa aka zuba wa garwashin ruwa, aka juya tokar, aka ƙara zubawa har ta daina tururi. Ya taɓa da bayan hannu, ya gyaɗa kai. A bakin ƙofa ya ja direban gefe, ya rage murya.

"Kada 'yata ta ji. Yajin nan da ka barbaɗa, ƙulla mini kaɗan in tafi da shi."