Ranar da Darakta Ya Kai Surukinsa Gona

Darakta yana da wata 'yar kasawa da bai taɓa faɗa wa kowa ba: shekara ashirin da biyu da aure, furfura har a gira, amma in surukinsa ya yi gyaran murya sai ya nutsu kamar ɗan firamare. Tsohon ya yi shekara talatin yana jan tirela, kuma tun ranar da ya riƙe tafin hannun Darakta ya ji shi da laushi kamar auduga, ya laƙaba masa suna Mai Biro. Bai taɓa zaginsa ba. Bai kuma taɓa yaba masa ba, ko da bisa kuskure. Yabon nan guda ɗaya tak Darakta yake nema a duniya.

Shi ya sa da sabuwar motar da ya saya ta iso, baƙa wuluk, mai tsayi kamar jif, cikinta kuwa kamar falon otal, ya zauna ya haddace littafinta kamar mai shirin jarrabawa. Ranar Asabar, bayan an kwana biyu ana ruwa, ya ce shi da kansa zai kai Baba gona.

Tun daga bakin get ya fara karatu.

"Baba, wannan duk tayoyinta huɗu ja suke yi. In ɗaya ta zame, kwamfuta za ta tura ƙarfin ga sauran kafin ka ƙifta ido."

"To."

"Giya takwas gare ta, da kanta take canzawa. Ga turbo. Ƙarfin doki ɗari uku."

"Duk don a kai Mai Biro ofis?" Tsohon ya zabura, ya waiwaya. "Kai, wa ke taɓa ni ta baya?"

"Kujerar ce, Baba. Tausa take yi."

"Ce mata ta bari. Ban saba ba."

Inda kwalta ta ƙare, taɓo ya shimfiɗe daga wannan gefen hanya zuwa wancan, ja jawur, ruwa kwance a tsakiya. Darakta ya taka birki. Ranar da yake jira ke nan. Ya murɗa wani maɓalli na zaɓen irin hanya a gefen giya: yashi, duwatsu, ƙanƙara, taɓo. Motar ta yi ɗan numfashi ta ɗaga jikinta. Allon gaba ya nuna masa taɓon ta gaba, ta gefe, har ta sama, don kada wani ɓangare ya ɓuya masa. Na'urori suka hau ƙara saboda ciyawar bakin hanya.

Sai ya tuna fenti. Ya tuna tayoyin da ya bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori da safen nan. Zuciyarsa ta ce a shiga, ƙafarsa ta ce ba da ita ba. Ya matsa taku ɗaya, ya ja baya biyu.

"Lafiya, Mai Biro?"

"Nazarin hanya ake yi, Baba."

Ana cikin nazarin wani mai keke ya zo da buhun taki a baya, ya yi musu sannu da aiki, ya ratsa ta tsakiya ya wuce abinsa.

"Sauko," in ji tsohon.

Darakta ya sauko. Baba ya hau, ya yi ta danne-danne a jikin ƙofa har kujera ta ja baya ta karɓi dogayen ƙafafunsa. Bai ko dubi allon ba. Ya taka, motar ta keta taɓon kamar tana kan titin filin jirgi, ta tsaya a wancan gefe tana ɗiga. Darakta ya naɗe wando ya biyo a ƙafa, takalma a hannu.

Ya tarar da tsohon yana shafa sitiyari, fuskarsa a sake yadda bai taɓa ganinta ba.

"Kai, wannan mota ce! Ban taɓa jan irinta ba."

Ƙirjin Darakta ya cika. Ya tsaya cikin taɓo har ƙauri, yana jiran sauran maganar.

"Wanda ya ƙera ta ya san aikinsa," in ji Baba. "Goge ƙafarka kafin ka shigo."

Tun daga ranar, motar ta haddace zaman Baba: kullum Darakta ya buɗe ƙofa da safe, kujerar sai ta ja baya da kanta, madubai su karkata daidai tsayin Baba. Da filo a bayansa yake tuƙi zuwa ofis.