Gishiri Biyu a Kwami Ɗaya

Kwana arba'in da tara da rasuwar mijina Genzo, bayan an gama addu'a baƙi sun watse, surukata ta ɗauko hatimin gonar kifinmu daga aljihun tebur ta miƙa wa ƙaninsa Noboru. Ina durƙushe a gefe ina kwashe kofunan shayi. Ko kallona ba ta yi ba.

Shekara ashirin da shida ina shiga tafkunan gidan nan na ƙauyen Yamakoshi, ruwa har ƙirji, ina jan raga tare da Genzo. Noboru kuwa tun yana saurayi ya gudu birni, yana sayar da inshorar motoci. A da muna wasa da shi. Idan ya zo hutun sabuwar shekara, daga bakin ƙofa yake farawa: "Matar Yaya, har yanzu miyarki ruwa ce zalla?" Ni kuma in ce, "Shigo ka sha, ai ta fi abin da ke cikin kanka kauri."

Wasan ya mutu a wata na uku da dawowarsa gida ya riƙe gonar. Wasu masu saye suka zo daga nesa, yana nuna musu wani kifi yana cewa mace ce. Na ce masa namiji ne, kuma a gabansu na faɗa. Bayan sun tafi ya same ni ina wanke bokitai.

"Matar Yaya, ki san matsayinki. Kawo ki aka yi gidan nan. Ni a nan aka yanke min cibiya."

"To cibiyar taka ta koya maka bambanta mace da namiji mana."

Daga ranar muka daina magana. Gida ɗaya, tebur ɗaya, amma in saƙo ne sai ya bi ta bakin Inna, surukata.

Da kaka ta yi, muka kwashe kifayen daga tafkunan laka zuwa kwamin siminti na cikin rumfa, kafin dusar ƙanƙara ta rufe dutsen da ƙauyenmu yake kai. A cikinsu akwai Beni, uwar kifinmu, irin kifin adon nan da ake kira koi, fara sol mai jan zane uku a gadon baya, tsawonta ya kusa mita. Genzo ne ya tsamo ta tana kamar ɗan yatsa daga cikin dubbai, ya raine ta shekara goma sha huɗu. Rabin abin da muke sayarwa zuriyarta ne.

Kwana biyu da shigar da ita na ga ta canza. Ta ƙi abinci, ta maƙale fukafukanta a jiki, tana zuwa tana goga gefenta da bango. Wani farin yauƙi ya lulluɓe mata baya kamar hazo. Na san ciwon, na kuma san maganinsa, don ba sau ɗaya muka yi shi da Genzo ba.

Na kwashe sauran kifayen, na bar ta da 'ya'yanta mata biyu da suka fara nuna alamar. Kwamin na cin ruwa tan goma, haka ma aka rubuta da fenti a bangonsa. Na rage ruwan ya koma rabi don in riƙa ganinsu da kyau, na ƙara bututun iska. Kilo biyar na gishiri ake ba kowane tan, kuma tsurar gishiri, ba na girki mai haɗe-haɗe ba. Lissafina ya kama kilo ashirin da biyar. Na raba shi uku, kullum da safe in narkar da kashi ɗaya a bokiti, in zuba a hankali ta wajen da ruwa ke motsi, sannan in tsoma ma'aunin gishiri in duba. Genzo kan ce kifi ba ya son a ba shi mamaki, ko da da magani ne.

Rana ta uku da safe na zuba kashin ƙarshe. Beni ta buɗe fukafukanta, ta zagaya kwamin sau biyu, har ta zo ta shinshina yatsuna. Na zauna a bakin siminti na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ban gaya wa kowa ba. Akwai allo a rumfar da muke rubuta abin da aka zuba wa kowane kwami, amma tun da Noboru ya fara cika shi da lambobin wayar masu saye na daina taɓa shi.

Bayan abincin rana ina bayan gida ina yanka kabejin da zan jiƙa don ajiyar sanyi, sai na hango shi ya fito daga sito da buhu a kafaɗa, ya nufi rumfar. Ya dawo ya ɗauki na biyu. Na san buhunan. Wuƙa ta tsaya a hannuna. Wata zuciya ta ce tashi ki tambaye shi. Wata ta ce ajiyewa kawai zai yi, kuma in wani abu yake so ya sani, ai ya san inda kike. Na ci gaba da yankan kabejina.

Da yamma, da na je duba su, tun daga ƙofa na ji shirun ya yi yawa. Buhu biyu, kowane kilo ashirin da biyar, suna yashe a ƙasa ba komai a ciki. Gishirin ma bai gama narkewa ba, ya taru fari fat a gindin kwamin. 'Yan matan biyu sun riga sun kife. Beni na kwance a gefe ɗaya a saman ruwa, bakinta na buɗewa da ƙyar, jan zanenta ya koɗe, fatarta ta yi jini-jini. Na tsoma ma'auni, lambar ta ninka abin da na bari sau uku.

Na kunna famfo, na faɗa ciki da kayana, na rungumo ta na kai ta ruwa mai kyau. Na riƙe ta a tsaye ina kaɗa mata ruwa a baki, ina kiran sunanta. Ta yi kusan sa'a ɗaya a hannuna, sannan ta saki.

Ihuna ne ya kawo su. Noboru ya tsaya a ƙofa, fuskarsa ta yi fari.

"Me ka zuba?" na ce. Maganata ta farko da shi ke nan cikin wata huɗu.

"Gishiri. Na ga ba ta da lafiya, na duba a waya. Kilo biyar a tan ɗaya, tan goma, kilo hamsin. Ga shi nan a rubuce a bango!"

"Bangon ka kalla, ba ruwan ba? Idonka bai ga ya koma rabi ba? Kwana uku ina zuba mata!"

"Ina kika rubuta? Wa kika gaya wa?"

"Wa ka tambaya?"

Inna ta dogara sandarta ta ƙaraso, ta daɗe tana kallon Beni. Ta ce a naɗe ta a farin ƙyalle, a binne ta a gindin itacen da ke bayan rumfa. Ni da Noboru muka haƙa ramin, ba wanda ya ɗaga kai.

Washegari Inna ta kira ni ɗakinta, ta zuba min shayi da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Tokie, 'yata, mutane za su tambaya. 'Yan ƙungiyar masu kiwo za su tambaya. Noboru ne zai riƙa zama a cikinsu yanzu. In aka ji shi ne, wa zai ƙara sayen kifi a gidan nan?"

"To me za a ce, Inna?"

"A ce lissafi ne ya kuɓuce miki. Kina cikin baƙin ciki, kowa zai yi miki uzuri."

Na kalli tururin shayin. Da ban hango shi da buhunan nan ba, da na kifar da kofin na tashi. Amma na hango shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Yadda kika ce."

Uzurin kuwa an yi min. A kanti mata na dafa kafaɗata suna cewa in riƙa hutawa. Wani dattijo da Genzo ya koya wa zaɓen 'ya'yan kifi ya tare ni a hanya, ya yi min bayanin yadda ake auna gishiri, a hankali, kamar yana magana da yarinya. Na yi masa godiya.

Kafin ƙanƙara ta narke na tattara kayana na koma wurin 'yata a birnin Nagaoka. Na sami aiki a wata masana'antar biskit ɗin shinkafa, ina jera su a kwali daga safe zuwa ƙarfe huɗu.

A watan biyar na shekara aka ce ina da baƙo a bakin ƙofa. Noboru ne, ya rame, hannuwansa duk sun tsage da ruwa. Ya rusuna ƙasa sosai, ya daɗe bai ɗago ba.

"Matar Yaya, lokacin ƙwai ya zo. Ban san wace zan haɗa da wane ba. Ki dawo, don darajar Yaya."

"Zan dawo. Amma ranar taron ƙungiya za ka miƙe ka faɗi wanda ya juye buhunan. Ni ma zan miƙe in faɗi nawa laifin."

Ya kalli takalmansa, ya kalli motarsa.

"Kin san Inna ta tsufa," ya ce. "Ba za ta iya ɗauka ba."

Aka buga ƙararrawar komawa aiki. Na ce ya gaida gida, na ɗaura hulata, na shiga ciki.