Titi Biyu a Wajen Birni

Rigarta na fara lura da ita: a baibai ta saka ta, ɗinkin yana waje. Ba a shiga rumfar zaɓe da rigar kamfe, shi ya sa Doña Eufemia ta juya tata tun daga gida. Duk da haka ana hango inuwar rubutun ta cikin yadin: EH GA GIDAJE.

Ni ce a teburin duba sunaye, a zauren cocinmu da ke yammacin birnin San Antonio. Hukumar birni na neman yardar jama'a ta ciwo bashi ta gina gidajen haya masu sauƙi. Wata huɗu Doña Eufemia ta yi tana bi gida-gida a kan maganar, da kular tamale, wato alalar masara, a hannu. Shekara talatin da ɗaya ta yi a unguwarmu kafin tsadar haya ta kore ta bara. Yanzu tana raɓe a gidan tirelar 'yarta, irin gidan nan mai tayoyi, bayan babban titi, tana jiran a yi ginin ta dawo.

"Nayeli, 'yata, duk kin rame. A jami'ar ba a cin abinci ne?"

Na yi murmushi na miƙa mata takardar ƙuri'arta. Ko minti biyu ba ta yi ba sai ga ta ta dawo.

"Ina tambayar gidajen? Sunayen 'yan kwamitin makaranta kawai nake gani."

Na sake duba adireshinta. Titi biyu ne tsakanin tirelar da iyakar birni, amma ta waje take.

"Doña, tambayar ta mazauna cikin birni ce. Sabon adireshinki..."

"Buɗe baki ki yi magana, yarinya."

"A waje yake."

"Wajen me? Daga cocin nan aka ɗauki gawar mijina!"

A bayanta a layi akwai Don Rigoberto, mai gidan da ta bari, wanda ya ninka mata haya. Ya gyara hularsa.

"Doka ce, Eufemia. Mu masu biyan harajin gida mu ke da ta cewa."

"Rufe mini baki, tsohon banza! Da gumin wa ka biya harajin duk shekarun nan? Ka kore ni, kuma kai za ka zaɓa mini inda zan mutu?"

"Da kin kawo mana tamale dai, da ya fi," in ji Don Rigoberto.

Wasu suka yi dariya. Shugabar rumfar ta taso ta ce ba a kamfe a nan, a yi shiru ko a fita.

Tun safe tsoffin maƙwabtanmu tara suka zo da sabbin adireshi, na ba su irin wannan takarda ina yi musu murmushi, ban gane ba. Wato waɗanda aka kora su ne ba za a tambaya ba. Na so in miƙe in faɗi haka da ƙarfi. Maimakon haka, na miƙa wa Don Rigoberto tasa takardar, da tambayar a kanta ɓaro-ɓaro.

Doña Eufemia ta bi takardar da kallo har ya shige. Ta ajiye tata a gabana, ba ta cike komai ba, ta shafe ta da tafin hannu ta kwanta sumul. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta bi ta gefen layin ta fita.