Ta Ruwa Aka Kai Ummulkulsum

Ina tsugune gaban kasko ina juya dubulan, mai yana fallatsa mini a hannu, sai Malam Gimba ya yi gyaran murya daga ƙofar ɗakinsu. Bai dubi kowa ba. Igiyar shanya ya duba, ya ce, "Ba ta gada za a kai yarinyar nan ba."

Mu biyar ne a tsakar gida muna aikin gara, duk muka tsaya. Saura kwana uku a kai 'yarsa Ummulkulsum gidan miji a Asaba, ƙetaren kogi, kuma tun makon jiya ango Falalu ya aiko cewa ya tanadi Fijo huɗu.

Na ce, "To ta ina, Malam? Ta sama?"

Ya ce, "Ta ruwa." Ya saki labule ya koma ciki.

Matarsa Baiwa ta matso kusa da ni, ta rage murya. "Yaya Mero, ki ƙyale shi. Tun da aka sallame shi daga aiki yake irin wannan magana." Ni kuwa ba a san ni da ƙyale magana ba, duk unguwarmu ta Fegge an shaida.

Gidan haya muke, ɗaki takwas, famfo ɗaya. Shekara ɗaya muka dawo Anacha da su bayan yaƙin basasa, muka tarar da ɗakunanmu ba ƙyaure, muka gyara muka zauna. Mijina Arzika ya koma kan albasarsa a kasuwar Ose Okwodu, Malam Gimba ya koma jirginsa. Shekara ashirin da bakwai ya yi a jirgin wani kamfani mai ɗaukar kaya a kogin Kwara, daga nan zuwa Lakwaja, da damina har Yola. Aikinsa ɗaya ne. Yana tsayawa a goshin jirgi da wata doguwar gora da aka yi wa zanen fari da baƙi, ya tsoma ta a ruwa, ya faɗa wa matuƙi zurfin wurin don kada su hau yashi. Da kuɗin mai ya fara zuba a ƙasa aka shimfiɗa kwalta, tireloli suka cika hanya, kamfanin ya ɗaure jiragensa. Aka ba shi takarda, aka sha hannu da shi. Gorar ma don ba wanda yake so ne aka bar masa ita.

Shekara ɗaya da rabi ke nan. Da farko yakan yi wanka da sassafe ya sa kakinsa, sai ya kai zaure ya tuna, ya dawo ya zauna a benci. Arzika ya ja shi kasuwa ya taya shi tsince ruɓaɓɓiyar albasa, amma kowace sai ya juya ta ya latsa ya yi nazari, buhu ɗaya ya kai shi azahar. Daga baya ya samu aikin da ya dace da shi a gida. Baiwa tana sayar da shinkafa da wake, shi ne mai tsince mata tsakuwa, faranti a cinya, kuma tun da ya karɓi aikin ba wanda ya sake cin dutse a abincinta. Da Babbar Sallah bai yanka ba. Ya wasa wuƙarsa ya bi ɗaki ɗaki yana taya mutane fiɗa, yara suna biye da shi, yana ba su labarin dorinar ruwa. Kowa ya ba shi nama har ya fi na masu yankan yawa, ya yi ta dariya. Amma na ga ƙafafunsa sun fara kumbura, takalminsa ya daina shiga.

Washegarin maganar gada na same shi a benci. Na aje tsintsiya na tsaya a kansa.

"Malam, ina kwana. Ka san dai uba ba ya rakiyar amarya, ballantana 'yar fari. Za a yi da kai daga nan har Ose."

Gaskiya na faɗa. Ummulkulsum ce ta fari a wurinsu, kuma Malam Gimba mutumin da ne wajen kunya. Shekararta goma sha tara ban taɓa ji ya kama sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". In ta shigo ɗaki ya tashi ya fita. Da a arewa ne da tun yaye an ba wata gwaggo riƙonta, amma a nan ba dangi, sai ta tashi tsakanin ɗakinsu da nawa. Ni na yi mata kitson farko, ni take kawo wa kuka.

Ya ture wata tsakuwa gefen faranti, ya ce, "Na sani. Uba ba zai je ba. Amma jirgi ba ya tafiya da rani sai da mai gora."

"Wace irin dabara ce wannan?"

"Mero, kowa ya sa hannu a auren nan. Ke kin kawo kwalla, Arzika ya kawo katifa, ƙanin uwarta ya aiko da gado. Ni na duba ɗakina sama da ƙasa, ban ga abin da zan sa ba. Sai wannan." Ya nuna gorar da haɓa, tana jingine a lungun bayan ƙyaure.

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Sai na ce, "Ƙafafunka fa?"

"Tsayuwa ce kawai. Na iya ta."

Ni da na zo hana shi, ni na koma yi masa yaƙi. Na rufe bakin matan gida, na tura Arzika Asaba. Falalu yaron kirki ne, ya yi dariya ya ce motoci su bi gada da kayan ɗaki su jira mu a gaɓa. Sharaɗi ɗaya Malam ya kafa, a tashi da zarar an yi la'asar, don ruwa ba ya karantuwa in rana ta faɗi.

Ranar Asabar muka gangara bakin kogi da amarya lulluɓe, tana kuka a kafaɗata. Jirgin na wani Inyamuri ne, Okwuosa, wanda ya yi shekaru yana kula da inji a jirginsu, rana ɗaya aka sallame su. Yanzu doya yake ɗauka a wani babban jirgin katako mai inji a baya. Ya wanke shi tas, ya shimfiɗa tabarmi, amma ƙanshin doya bai fita ba.

"Gimba, water don dry o," in ji shi da Turancinsu, wato ruwa ya janye. "Yashi ko'ina."

"Shi ya sa na zo."

Ba babbar riga ya sa ba. Kakinsa ya sa, ya sha guga, ƙafa ba takalmi. Ya wuce mu ya hau goshin jirgi ya ba mu baya.

Inji ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa suka kama waƙa. Can sama gada ta cika da motoci, ba mai motsi, sai oda kake ji kamar daga wani gari. Rana ta karkata, ruwan ya yi jawur, tudun yashi sun fito fari fat nan da can, belbelu suna tsaye a kansu. Malam Gimba ya ɗaga gora ya sake ta ta nutse, ya janyo.

"Ƙafa shida."

Ban san muryar ba. Wannan mutum da in ya yi magana a gida sai ka matso, yanzu muryarsa ta buɗe, tana da ja, ta bi saman ruwa ta tafi. "Ƙafa biyar." Ya miƙa hannun hagu, Okwuosa ya karkata jirgi ba tare da ya tambaya ba. "Biyar da rabi." Ɗaya bayan ɗaya mata suka bar waƙa. Ba wanda ya ce a yi shiru, haka kawai muka samu kanmu muna sauraro. Na daina jin ƙarar inji, na manta da dubulan da ya ƙone mini, na manta ma inda za mu. Na ji kamar tun da can a cikin jirgin nan muke, kuma ba za mu iso ba, kuma hakan bai dame ni ba.

Sai na ji kafaɗata ta daina rawa. Ummulkulsum ta ɗaga bakin mayafi kaɗan, tana kallon bayan ubanta. Ba ta taɓa ganin shi a bakin aiki ba. Kullum dai ya tafi da ƙunshi, ya dawo bayan wata biyu da busasshen kifi.

Ta ce a kunnena, "Inna Mero, ashe haka muryarsa take?"

Na ce, "Rufe fuskarki." Amma ban ja mayafin ba.

Mun wuce tsakiya ya ce, "Uku." Sai kuma, "Biyu." Ƙasan jirgi ya gogi yashi, muka ji shi a ƙafafunmu, wata ta fara salati. Bai waiwayo ba. Ya kafa gora gefe, ya kwanta a kanta da dukkan jikinsa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Jirgin ya yi jim, sannan ya zame a hankali ya koma zurfi. Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki da hannun riga, ya sake tsoma gora. "Huɗu."

Da muka isa gaɓar Asaba motoci biyu ne kawai suka riga mu, sauran suna kan gada. Malam ya kafa gora ya riƙe jirgi don kada ya yi tangaɗi, fuskarsa tana wajen ruwa. Sai an bi ta gefensa za a sauka. Amarya ta zo daidai shi ta tsaya. Ban san me take jira ba, shi ma bai motsa ba. Na tura ta a hankali ta taka ƙasa.

Gidan ba shi da nisa da gaɓa. Na damƙa ta a hannun dangin miji, na yi musu 'yan maganganun da aka saba, na bar sauran mata a can na dawo da sauri, don ban so yadda na ga fuskar Malam ba. Na same shi zaune a tabarma, gora kwance a cinyarsa. A komowa bai tashi ba. Okwuosa ya bi hanyar da muka zo, ya rage inji sosai. An fara kiran magariba a ƙetare.

Mun yi nisa, sai Malam ya ce, "Mero."

"Na'am, Malam."

"Ummulkulsum ta ji tsoro?"

Duka sunan ya faɗa, a hankali, bai gutsure ko gaɓa ɗaya ba. Na ce, "Ba ta ji ba. Kai take kallo."

Ya gyaɗa kai. Ya sauke hannu ta gefen jirgi, ya bar yatsunsa suna jan ruwa har muka iso.

Kwana uku ya yi cikin nishaɗi. Ya ci tuwo sosai, ya tsokani Arzika a kan albasa, har rediyo ya kunna. Ranar Laraba da hantsi yana benci da farantin shinkafa, ni ina wanki a famfo. Baiwa ta leƙo ta ce, "Malam, kokon zai huce." Bai amsa ba. Ta sake faɗa. Na ɗago na gan shi ya jingina da bango, ido a lumshe, farantin yana nan daram a cinyarsa, tsakuwa a gefe guda, shinkafa a gefe guda. Na share kumfa a zanena na je na taɓa hannunsa. Sannan na ɗauke farantin na miƙa wa Baiwa, na ce ta zauna.

Nan da nan gida ya cika. 'Yan Ose suka rufe rumfuna suka zo, aka aika Asaba. Okwuosa ya zo ya tsaya a waje da hula a hannu, bai shiga sahu ba, bai kuma tafi ba. Liman ya jira har bayan azahar saboda 'yarsa, da ya ga rana tana yi ya ce a sallace shi. Aka ɗauke shi.

Ba a fi rabin awa da fita da shi ba sai ga Ummulkulsum ta shigo. Falalu ne ya gaya mini daga baya cewa a mota suka taso, suka tarar gada ta cushe. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta gangara gaɓa ta shiga kwalekwalen haya. Mai tuƙin sabon hannu ne, bai san ruwan rani ba. Sau biyu suna hawa yashi, sau biyu tana sauka cikin ruwa tana taya su turawa.

Ta tsaya a tsakar gida, zanen amarcinta jiƙe har gwiwa. Ta dubi bencin, ta dube ni, ta gane. Ba ta yi ihu ba. Na ja ta ɗakina na zaunar da ita a bakin gado.

Ta ce, "Bai ce komai ba?"

"Yau bai ce ba. Amma ranar da muka kai ki, a komowa, ya tambaye ni." Na faɗa mata yadda ya faɗa.

Ta ɗago. "Da sunan?"

"Da sunan. Duka."

"Sake faɗa, Inna."

Na sake. Ta rufe ido, leɓenta yana motsi.

Na ɗauko buta da kwano na tsuguna gabanta. Lallen biki bai ko fara dusashewa a ƙafafunta ba, yashin Kwara ya manne a kai har tsakanin yatsu, ya fara bushewa. Na karkata buta zan zuba, sai ta janye ƙafafun a hankali ta shigar da su ƙarƙashin zane. Na aje butar, na zauna kusa da ita.