Injiniyan Gidan Surukai

A gidan surukaina "Injiniya" ake kirana, don na taɓa sauya wa rimot batir. Ban taɓa musawa ba.

Da firintar Baba, mahaifin matata, ta ƙi aiki, sai na ce daga ofis zan shiga kwamfutarsa in gyara. Tasa da tawa ba tsarinsu ɗaya ba, na kwashe kwana uku ina zaɓen manhajar da za ta haɗa su. Muka sanya, muka karanta lambobin haɗawa ta waya.

Allona bai sauya ba. Na ce, "Baba, ba ni minti biyu, ina duba cikinta." Na lallaɓa shafin bincike na rubuta: yaya ake gyara firinta?

Sai na ji gyaran muryar Baba a waya.

"Injiniya, bayanin farkon nan na gwada shi jiya. Danna na ƙasansa."

Ashe lambata na ba shi, shi ke kallon allona tun ɗazu. Na danna, ya karanta da kansa, firintar ta tashi.

Har yau Injiniya yake kirana, sai dai yanzu yakan ɗan ja sunan.