Kabad ɗin Malam Na'Allah

Ranar da aka sauke kwalin littattafai a firamaren wani ƙauye da ke bayan Gwiwa, saura kaɗan Malama Zulaikha ta rangaɗa guɗa. Wata ƙungiya ce ta aiko da su daga Kazaure, labaran yara ne da Hausa, masu hotuna, na makaranta da zaman gida. Ita ke riƙe da 'yan aji shida, kuma abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne yaran nan za su fita ba wanda ya taɓa karanta littafi daga bango zuwa bango. Allo da alli kawai suka sani.

To, amma akwai hedimasta, Malam Na'Allah, mutumin da har yau bai cire ledar kujerar babur ɗinsa ba! Ya shafa littattafan, ya shinshina, ya jera su a kabad ɗin katako na ofishinsa, ya danna kwaɗo.

"Ranka ya daɗe, ai don a karanta aka kawo su," in ji Zulaikha.

"Malama, kin dubi hannuwan yaran nan kuwa? Daga man ƙuli sai miyar kuka. In baƙi suka zo suka tarar da su duƙun-duƙun, wa za a kama? Ni!"

Ta roƙa, ta sake roƙo, har da liman ta haɗa shi. A banza, wai an tsikari kakkausa.

Rannan ya manta mukulli a jikin kwaɗo, ta zaro guda ɗaya. Labarin wata yarinya ne da aka kai riƙo gidan gwaggonta, tana fama da sabuwar makaranta. Zulaikha ta miƙa wa Sadiyya, ɗalibar da ta fi kowa iya karatu, ta tsaya gaban aji tana karantawa. Ajin da ko tsawa ba ya ji ya yi tsit. Suna tsakiyar labari Malam Na'Allah ya faɗo, ya fizge littafin, ya goge bangon da hannun rigarsa, ya fice. Tun daga nan kullum sai Sadiyya ta tambaya ko yarinyar ta koma wurin uwarta. Ita ma Zulaikha ba ta kai ƙarshe ba.

Damina ta sauka, ofis na yoyo, kabad na kulle. Ana dab da sallamar 'yan aji shida aka ce masu ƙungiya na tafe. Sai a lokacin hedimasta ya buɗe kabad ɗin.

Innalillahi! Gara ta shigo ta bayan kabad, ta cinye takardun tas, ta cike gurbinsu da jar ƙasa. Bangwayen kawai ta bari, don masu leda ne, suna ta ƙyalli. Zulaikha ta zauna daɓas a bakin ƙofa, hawaye na zuba, baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Shi kuwa gogan naka ko gezau. Ya kakkaɓe bangwayen, ya raba wa yara, ya ce kowa ya rungume nasa a ƙirji, wanda ya kuskura ya buɗe jikinsa zai gaya masa.

Baƙi suka iso, aka jera yara a gindin darbejiya, aka yi ta ɗaukar hoto. Shugabarsu, Hajiya Bahijja, sai murmushi take.

"Masha Allah! Jiya a Roni muka ga nasu duk sun yayyage, har da waɗanda aka ɗinke da zare. Naku kuwa kamar yau aka bugo su."

Zulaikha ta buɗe baki. Hedimasta ya watsa mata harara, ta tuna cewa da aikin nan take ciyar da 'ya'yanta, ta haɗiye maganar, ta tsani kanta.

Hajiya ta juya wurin direbanta. "Mamuda, mayar da kwalin littattafan bana cikin mota. Tunda nasu ba abin da ya same su, 'yan Roni za mu kai wa."